Yadda unguwa za ta haɗa hannu ta gina filin wasan da yaro mai naƙasa zai shiga da kansa

A Damagaram, ko a Birni ne ko Zango ko Garin Malam ko Kara-Kara, filin wasan yara shi ne duk fegin da ba a kai ga ginawa ba, ko bakin tabki, ko kan duwatsun nan da garin ya yi suna da su. Mai lafiyar ƙafa ba ya rasa inda zai yi langa da ƙwallo. Wanda shan inna ya taɓa, da makaho, da kurma, da yaron da wuyansa ba ya tsayawa tun haihuwa, su rabonsu zaure ne ko ƙofar gida, suna jiyo ihun tsaransu daga nesa. Wannan jagora ta mutanen unguwa ce da abin ya dama, kuma suke son gyarawa da ƙarfinsu. Lilo da abin zamiya su ne na ƙarshe a lissafi. Abubuwan da ke hana yaro mai naƙasa wasa a garinmu su ne yashi, da rana, da rashin a tambaye shi abin da yake so, don haka da su za mu fara.

Mataki na 1: ku shiga gidaje

Kafin a kira taro, a san yaran. Da yawa daga cikinsu ba sa zuwa lakwal, wasu ko makarantar allo ba a kai su, saboda haka ba za ku same su a wata takarda ba. Mata ne suka san su: ungozoma, malamar islamiyya, mai kitso, shugabar adashe. Ku nemi biyu ko uku daga cikinsu su zaga gida-gida, domin namiji ba zai wuce zaure ba, kuma uwa ta fi sakin jiki da ƴar'uwarta mace.

Yadda aka buɗe magana yana da muhimmanci ƙwarai. Uwar da ta sha jin baƙar magana a kan ɗanta tana ganin baƙo da littafi a hannu za ta rufe bakinta. A gaisa sosai, a tambayi jikin yaron da sunansa, sannan a ce: "Inna, wurin wasa muke son yi wa yaran unguwa duka, muna son da shi a ciki. Me ya fi so? Me ke hana shi fita?" Kada a ɗauki hoton kowa, kada a yi alkawarin keke ko kuɗi. Idan yaron yana magana, ko yana nuni da hannu, shi za a tambaya kai tsaye, a durƙusa daidai tsayinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ku ji abubuwan da ba za su taɓa zuwa muku a rai ba: wani tsoron awaki yake yi, wata ba ta fita don babu inda za ta kama ruwa, wani kuma tsidau ne ke fasa masa tayar keke duk sanda ya bar layin gidansu.

A rubuta adadin yaran, da shekarunsu, da irin lalurar kowane, da nisan gidansa. Sunaye su zauna a hannun mutum ɗaya amintacce.

Mataki na 2: kwamiti da manya

Kwamitin kada ya wuce mutum 7 zuwa 9. Lalle ne a samu iyaye mata na yaran, da babban mutum mai naƙasa ɗaya ko biyu, da magini, da mai walda, da malamin lakwal, da wakilin fadar samarin unguwa. Mai naƙasar da ke cikin kwamiti a ba shi muƙami mai nauyi, kamar ma'aji ko mataimakin shugaba, ya zamana ba a yanke komai bai sa baki ba. Na fi ƙarfafa wannan a kan komai, domin mutumin da ya yi shekaru yana tura keken guragu a yashin garin nan ya fi kowane injiniya sanin inda taya ke nutsewa.

Daga nan a je gaisuwa. Mai unguwa ne farko, a ce masa: "Ranka ya daɗe, ƴaƴanka ne suka zo da wata shawara, ba za mu ɗaga ƙafa ba sai da izininka." Sai liman, don ya ambaci maganar bayan sallah. Kada a manta da sarkin makafi da sarkin guragu, waɗanda jama'arsu ke jin maganarsu, da wakilan ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, wato FNPH. Idan aikin ya yi girma, mai unguwa ne zai san hanyar kai shi fadar Sarkin Damagaram.

Mataki na 3: fili da takardarsa

Kusa ya fi faɗi. Ƙaramin fili na mita 20 a kan 20 a tsakiyar unguwa ya fi makeken fili a bayan gari, saboda uwa ba za ta goya yaro ɗan shekara 8 ta yi tafiyar rabin awa ba. Wurare uku aka fi samu: kusurwar harabar lakwal, filin hukuma da aka ware wa jama'a lokacin yanka fegi, ko fegin wani bawan Allah da ya bayar wakafi. Wata harabar lakwal tana da katanga da mai gadi, amma sai an yi yarjejeniya da darakta da kwamitin iyaye cewa za a buɗe da yamma da ranakun hutu, har ga yaran da ba ɗalibai ba.

Ku je ku ga filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ƙarƙashin garinmu dutse ne, ruwa ba ya saurin shanyewa, kuma filin da yake bushe ƙayau da rani yana iya zama kududdufi da damina. Ku guji bakin tabki, da gefen kwalta, da kusa da juji ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Ko wane fili ne, a samu takarda. Birnin Zinder gundumomi 5 ne, ku kai buƙatarku a rubuce ma'aikatar magajin garin gundumarku, da sa hannun mai unguwa. Idan wakafi ne, a rubuta gaban shaidu, magada su sani, don kada bayan shekaru a wayi gari an zuba bulo. A cikin wasiƙar ku ambaci doka, ba roƙo kawai kuka zo yi ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma sashe na 30 na cikinta ya ce a tabbatar yara masu naƙasa sun samu damar wasa da nishaɗi daidai da sauran yara. Sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 shi ma ya tanadi haƙƙin wasa. A cikin gida akwai doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019 kan shigar da masu naƙasa cikin al'amuran jama'a.

Mataki na 4: ƙasa da hanya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ya kamata rabin kuɗinku ya tafi. Yashi yana da fuska biyu. Yaron da ya faɗo daga lilo yashi ne ke cetonsa daga karaya, amma shi ɗin ne ke kama tayar keke, ya nutsar da sandar dogarawa, ya gajiyar da mai jan gindi kafin ya kai tsakiyar fili. In kuka zuba yashi ko'ina kun kori guragu. In kuka dandaɓe ko'ina da siminti, ranar da wani ya faɗo za a ji kuka. Mafita ita ce a raba filin gida biyu: hanya mai tauri wadda ta zagaya ta taɓa kowane wurin wasa, da yashi mai zurfi a inda ake iya faɗowa kaɗai.

Hanyar ta fara tun daga layi, ba daga ƙofar fili ba. Sau da yawa akan gyara ciki tsaf, a bar kwata ko tudun dokin ƙofa a waje, yaro ya zo ya tsaya yana kallo. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90 aƙalla, babu dokin ƙofa. Faɗin hanya mita 1 da rabi, domin daidai wannan ne keke ke buƙata ya juya, kuma makaho da ɗan jagoransa su jera. Keken guragu mai taya 3 da ake tuƙawa da hannu ya fi kujera mai taya tsawo, saboda haka a kusurwoyi a ƙara faɗi, a kawo keken a gwada kafin a yi gini.

Ga yadda ake yin ta da abin da muke da shi. A kwashe yashin sama har a kai ƙasa mai ƙarfi. A zuba marmara kaurin santimita 10 zuwa 15, ba a lokaci ɗaya ba: a shimfiɗa rabi, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara sauran. A shimfiɗar sama magini ya gauraya siminti kaɗan don kada ruwa ya cinye ta. Wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki ya san aikin. A karkatar da hanyar kaɗan zuwa gefe, santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya gangara, amma kada a wuce haka, in ba haka ba keke zai riƙa ja gefe ɗaya. Idan da hali a shimfiɗa bulon daɓe, a haɗa bakinsu sosai. A gefe biyu a ɗora ɗan bulo mai tsayin santimita 5 zuwa 10: yana tare yashi, yana hana taya zamewa, sandar makaho kuma tana bin sa. A shafa masa fenti fari ko rawaya saboda masu raunin gani.

Inda akwai tudu, a yi gangara maimakon matakala. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi yana cin santimita 12 na tsawo, kuma wannan shi ne iyakar miƙewa. Tudu mai santimita 30 yana buƙatar gangara mai mita 3 da santimita 60. Ga yaro mai ƙaramin ƙarfi, 1 bisa 20 ya fi, wato mita 6. Magini zai ce ya yi tsawo, siminti zai tafi. Kada ku yarda a rage. Gangarar da yaro ba zai hau shi kaɗai ba ba ta yi amfaninta ba. A sa ƙarfen riƙewa gefe biyu, kowane gefe guda biyu: ɗaya a tsayin santimita 70, ɗaya a 90.

Ƙarƙashin lilo da abin hawa, yashin ya kai zurfin santimita 30, tankaɗaɗɗe, babu tsakuwa ko kwalba. To yaya mai keke zai ratsa yashin ya kai lilo? A shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, ko tayoyin da aka yanka aka baje aka ɗinke, daga bakin hanya zuwa gindin lilon. Tana ɗaukar taya, kuma ba ta da taurin siminti. Kafin komai a cire ƙarangiya da tsidau tun daga saiwa, kafin su yi ƴaƴa.

Mataki na 5: inuwa, ruwa da makewayi

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Filin da babu inuwa ba a amfani da shi sai dab da magariba, ƙarfe kuma yana ƙona fata. Wannan ya fi haɗari ga yaron da ba ya jin ƙafafunsa, domin zai ƙone bai sani ba, da kuma zabiya, wanda rana ke yi wa fatarsa illa mai tsanani. A kafa rumfa tun farko, ta zana ko karan dawa, a kan wurin zama da duk wani abin ƙarfe. In kwano za a sa, a ɗaga shi sama sosai, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa.

Itace kuwa a dasa da damina, ranar 3 ga Agusta da aka saba dashen itatuwa ta dace. Dogon yaro ya fi saurin yin inuwa da jure fari. A dasa shi yamma da kudu da wurin wasa, nesa kaɗan da hanya don kada saiwa ta ɗaga ta, a kewaye shi saboda awaki. Aduwa da magarya da duk mai ƙaya a bar su waje, tumfafiya kuma a tumɓuke, nononta yana cutar da ido. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, don haka kowane dashe a damƙa shi ga gida ɗaya da zai riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke marar omo.

A ajiye randa mai murfi da famfo a ƙasanta, a tsayin da mai zaune zai kai. Makewayi kuwa shi ne ke yanke ko yarinya za ta zo ko ba za ta zo ba. Ƙofarsa santimita 90, tana buɗewa waje, cikinsa da sararin juyawa na mita 1 da rabi, da mazauni ginanne mai tsayin kusan santimita 40, da ƙarfen riƙewa a bango.

Mataki na 6: kayan wasa

Kada a ware "ɓangaren naƙasassu". Kowane abu a yi shi yadda mai lalura da marar lalura za su yi wasa tare, in ba haka ba kun sake gina zauren da kuke son fitar da yaron daga ciki.

Abubuwan da suka fi arha su suka fi tara yara. Teburin yashi, wato akwati a kan ƙafafu, da sararin santimita 70 a ƙarƙashi don gwiwar mai keke ta shige. Dandamali mai ramukan dara, da wuri mai santsi na carafke, a tsayin da mai zaune a keke da mai tsaye duka za su kai. Bangon kiɗa: ƙwarya, shantu, gwangwanaye, guntayen bututu masu tsawo daban-daban, duk a ɗaure. Makaho yana jin daɗinsa, kurma ma yana jin rawar ganga a tafin hannunsa. Allon siminti mai baƙin fenti don zane da alli. Ƙwallo da aka sa wa ƴan ƙararrawa a ciki. A can gefe, ƙaramar bukka mai shiru, domin akwai yaran da hayaniya ke birkita wa kai, suna buƙatar inda za su huta su dawo.

Lilo a yi iri biyu a jere: na kowa, da mai kujera mai jingina da ɗamara don yaron da ba ya iya riƙe jikinsa. Babbar taya kwance da aka saƙa wa igiya a tsakiya tana ɗaukar yaro a kwance tare da yayarsa. A bar sarari gaba da bayan lilo ninki biyu na tsayinsa: lilo mai mita 2, mita 4 gaba, mita 4 baya, kuma kada hanya ta ratsa nan. Abin zamiya a gina shi a jikin ɗan tudun ƙasa, da gangara ta baya, ƙarƙashin rumfa.

Ku zauna da mai walda ku gaya masa waɗannan ma'aunai. Kada a bar tazara tsakanin santimita 9 da 23 a jikin kowane ƙarfe, don jikin yaro yana shigewa kansa ya maƙale. Kada a bar ƙaramin rami da yatsa zai shiga ya kasa fita. Kowace walda a goge ta, kowace ƙusa a rufe kanta. Kowace taya a huda ta a ƙasa, in ba haka ba da damina ta zama gidan sauro, a kuma duba kada wayar cikinta ta fito. Fenti a tambayi wanda babu dalma a ciki, saboda wasu yaran komai baki suke kai shi. Idan kuna iya samun mai gashin ƙashi daga babban asibitin Zinder ya dubi kujerar lilo, ku roƙe shi, zai nuna muku yadda za a tallafi wuya da ƙugu.

Mataki na 7: kuɗi da gayya

A raba aikin kashi uku: katanga da hanya da rumfa, sai makewayi da ruwa, sai kayan wasa. Ba a fara kashi na gaba sai na baya ya kammala. Kowane gida ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa, ko dala 20 ce a mako. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun saba da asusu da lissafi a bainar jama'a, ku koyi tsarinsu: akwati mai makulli fiye da ɗaya a hannun mutane daban-daban. Ƴan kasuwa sun fi saurin ba da buhun siminti a kan tsabar kuɗi, masu amalanke su kawo marmara, masu faci su ba da tsofaffin tayoyi, ƴan unguwa da ke ci-rani a haɗa su a zauren WhatsApp ana nuna musu inda aiki ya kai. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar mai unguwa.

Gayya a sa ta bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da mutane suka dawo daga gona kuma zafi ya sauka. Samarin fada su ɗauki haƙa da daɓe. Ƙungiyoyin agaji a je musu bayan an gama kashi na farko, da takardar fili da littafin lissafi a hannu.

Mataki na 8: gwaji, buɗewa da kula

Kafin biki, a kawo yaran da aka fara tambaya su gwada, manya su tsaya gefe su yi kallo, kada a taimaka sai an nema. Duk inda taya ta tsaya, ko sanda ta ɓata hanya, a yi alama a gyara. Ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya, ta dace da buɗewa idan aiki ya kai.

A samu masu kula biyu, mace da namiji, da ɗan alheri daga asusu. A koya musu ƴan alamun maganar kurame, da abin yi idan farfaɗiya ta tashi wa yaro: a janye abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. A faɗa wa yara da iyaye ƙarara cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu. Tsokana da kiran yaro da lalurarsa a hana su tun ranar farko, liman da malamai su taya. Gidajen da ke nesa a haɗa su da samari ko yayye da za su riƙa ɗauko yaran a ranakun da aka tsayar.

Kowace safiya a share, a duba tayoyi da ƙarƙashin teburi saboda kunama. Kowane mako a tone yashin ƙarƙashin lilo, don yana daskarewa, tsakiyarsa kuma yana ramewa. Kowane wata mai walda ya duba sarƙa da ƙugiyar lilo. Iskar hunturu tana rufe hanya da yashi, a riƙa kwashewa. A ware kashi 1 cikin 10 na duk kuɗin da ya shigo don gyara, kuma a sa gayya guda a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, don cike inda damina ta zaizaye a hanya da sabunta zanar rumfa.